Fa'iz Ahmad Fa'iz: Waƙar Bege da Ta Gagari Masu Mulki

A watan Disambar 2019, wasu ɗalibai a babbar cibiyar koyon fasaha da ke Kanpur, a arewacin Indiya, suka fito zanga-zanga. Gwamnatin Narendra Modi ta kafa sabuwar dokar zama ɗan ƙasa, wadda ta buɗe ƙofa ga 'yan Hindu da Sikh da Kirista da wasunsu da suka gudo daga Pakistan da Bangaladash da Afganistan, amma ta tsame Musulmi. Kwana biyu kafin nan 'yan sanda sun kutsa jami'ar Jamia Millia da ke Delhi sun lakaɗa wa ɗalibai duka. A wajen zanga-zangar ta Kanpur sai aka rera wata waƙar Urdu mai suna Hum Dekhenge, wato "za mu gani". Wani malami a cibiyar ya kai ƙara, ya ce waƙar cin mutuncin addinin Hindu ce, domin a cikinta an ce za a kawar da gumaka, sunan Allah kaɗai zai saura. Aka kafa kwamitin bincike.

Duk wanda ya san mai waƙar, Fa'iz Ahmad Fa'iz, dariya ce za ta fara kama shi. Mutumin da ake zargi a Indiya da zafin kishin Musulunci, shi ne wanda ya shafe fiye da shekara talatin a ƙasarsa Pakistan ana ce masa ɗan gurguzu, ɗan koren Rasha, wasu ma su ce mulhidi. Waƙar kuma a 1979 ya rubuta ta, zamanin Janar Ziya'ul Haƙ, sojan da ya ƙwace mulki yana cewa shari'a ya zo kafawa. To yaya aka yi waƙa ɗaya ta zama laifi a gida, ta zama laifi a dawa, kuma bisa dalilai biyu da suka saɓa wa juna? Ƙullin yana cikin wata shawara da Fa'iz Ahmad Fa'iz ya yanke tun yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, game da irin harshen da zai yi waƙa da shi.

An haife shi ranar 13 ga Fabrairun 1911 a ƙauyen Kala Kadir, gundumar Siyalkot ta lardin Punjab, lokacin Indiya da Pakistan ƙasa ɗaya ce a hannun Turawan Ingila. Mahaifinsa, Sultan Muhammad Khan, ɗan talakawa ne da ya taso da sandar kiwo, ya koyi Farisanci da Turanci, rabo ya kai shi fadar Sarkin Afganistan Abdurrahman Khan har ya zama babban magatakarda, daga can ya wuce Ingila ya karanta aikin lauya. Shi kuwa Fa'iz a masallacin Maulana Ibrahim Mir Siyalkoti ya fara karatu. Ya soma haddar Alƙur'ani bai kai ƙarshe ba, aka sa shi makarantar mishan, ya kuma ɗauki Larabci wajen Sayyid Mir Hasan, dattijon da ya koyar da shahararren mawaƙi Muhammad Iƙbal shekaru da dama kafinsa. A Lahor ya yi digiri na biyu har sau biyu, ɗaya a adabin Turanci, ɗaya a Larabci. A riƙe wannan, domin nan ne jarinsa yake.

Urdu harshe ne da ƙashin bayansa na Indiya ne, nahawunsa ɗaya da na Hindi, amma da baƙaƙen Larabci irin na Farisa ake rubuta shi, kuma cike yake da kalmomin Farisanci da Larabci. Bahaushen da ya girma da kallon finafinan Indiya ya daɗe yana jin Urdu bai sani ba: muhabbat, duniya, zindagi, kismat. Da yawa daga waɗanda suka rubuta waƙoƙin finafinan shekarun 1950 zuwa 1970, irin su Sahir Ludhiyanwi da Kaifi Azmi da Majruh Sultanpuri, ƙungiyar marubuta ɗaya suke da Fa'iz. Idan kuma Fa'iz ya ce lauh da ƙalam, allo da alƙalami yake nufi. Idan ya ce zulm, zalunci ne. Rijiya ɗaya aka ɗebo.

Babban gadon waƙar Urdu shi ne gazal. Waƙa ce ƙwar biyu mai amsa-amo ɗaya daga farko har ƙarshe, kowane baiti tsaye yake da ƙafarsa, ma'auninta kuma na arulin Larabci ne da ya biyo ta Farisa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne mutanen cikinta, domin ba sa canzawa tun zamanin mawaƙin Farisa Hafiz na Shiraz har zuwa mawaƙan Urdu Mir da Galib na Delhi. Akwai masoyi da ba ya taɓa samun biyan buƙata. Akwai masoyiya mai taurin zuciya. Akwai raƙib, abokin takarar da kullum shi ke kusa da ita. Akwai mai wa'azin da ya matsa da nasiha, da muhtasib mai fasa tulun giya, da saƙi mai zuba ta. Akwai lambu da fure, da tsuntsu a keji, da mai tarkon da ya kama shi, da iskar asuba mai kai saƙo daga keji zuwa lambu. Sufaye sun riga sun koya wa jama'a cewa masoyiyar nan tana iya zama Ubangiji, giyar kuma ma'arifa. Saboda haka mai sauraron gazal ya saba da jin magana biyu a baiti ɗaya, kamar yadda namu suka saba da habaici da gugar zana.

A 1935 Fa'iz ya kama koyar da Turanci a wata kwalejin Musulmi da ke Amritsar. Mahaifinsa ya rasu a 1931 ya bar bashi, karayar tattalin arzikin duniya ta faɗar da farashin amfanin gona a Punjab, masu digiri suna yawo ba aiki. A Amritsar ya haɗu da Mahmuduz Zafar, mataimakin shugaban kwalejin, da matarsa Rashid Jahan, likita kuma marubuciya. Su biyun suna cikin mutum huɗu da suka fitar da kundin gajerun labarai mai suna Angare, wato garwashi, a 1932, wanda ya taɓo malamai da zaman aure da halin mata a gidajen Musulmin arewacin Indiya har gwamnati ta haramta shi a 1933. A gidansu ya fara karanta Karl Marx. A daidai lokacin Sajjad Zahir da Mulk Raj Anand da wasu ɗaliban Indiya a Landan suka tsara manufofin wata ƙungiyar marubuta. A Afrilun 1936 aka yi babban taronta na farko a Laknau, fitaccen marubuci Munshi Premchand ya shugabanta, ya ce wa marubuta dole a canza ma'aunin da ake auna kyau da shi. A Urdu ana kiransu taraƙƙi pasand, masu son ci gaba. Fa'iz ne ya riƙe reshen Punjab.

Nan rigima ta taso. Masu zafin cikinsu suka ce gazal kayan fada ce, waƙar 'yan sarki da suka ƙoshi suna kukan gashin budurwa alhali manomi yana mutuwa da yunwa. A jefar da ita, a yi waƙa da harshen ma'aikata, a ambaci jari-hujja da sunansa. Da yawa sun bi wannan hanya, kuma mafi yawan abin da suka rubuta yau sai mai bincike yake buɗe shi.

Fa'iz bai jefar da komai ba. Ya bar masoyiya da raƙib da keji da iskar asuba a inda suke, ya ƙara musu ma'ana ta uku a kan biyun da suke da su. Masoyiya ta zama ƙasa, ko 'yancin da ake jira. Mai tarko ya zama gwamnati. Mai wa'azi ya zama mai cewa a yi haƙuri a bi a hankali. Dare zalunci ne, asuba sauyi. Kuma bai kashe ma'anar farko ba, nan gwanintar take: saurayin da budurwa ta juya wa baya zai rera baitin ya yi hawaye, ɗan ƙwadagon da aka kora daga aiki ya rera shi ya dunƙule hannu, kuma babu wanda ya yi kuskuren fahimta a cikinsu.

A kundinsa na farko, Naƙsh-e-Faryadi, na 1941, ana ganin wurin da ya yi kwanar. Rabin farko waƙoƙin samartaka ne. Rabi na biyu ya buɗe da waƙar da yake roƙon masoyiya kada ta nemi irin son da ya yi mata a da. Ya ce har gobe kyanta yana jan ido, amma ido ya riga ya ga jikkunan mutane ana sayarwa a kasuwa, cikin ƙura da jini, kuma akwai baƙin ciki a duniya ban da na soyayya. Abin lura, bai ce soyayya ƙarya ce ba, bai kuma yi wa masoyiyar wa'azi ba. Haƙuri yake ba ta. Shahararriyar mawaƙiya Nur Jahan ta rera waƙar har ta zama kamar tata, shi ma Fa'iz yakan ce ai ta ƙwace. A wata waƙar kuma ya juya wajen raƙib, wanda mawaƙan shekara ɗari shida suka yi ta zagi, ya ce masa zo mu zauna, mu biyu ne muka san abin da wannan so ya koya mana, ni dai ya koya mini gane ciwon talaka.

A 1941 ɗin ya auri Alys George, Baturiyar Landan mai ra'ayin gurguzu. A Srinagar aka ɗaura auren, Shehu Abdullahi, jagoran siyasar Kashmir, ne ya ɗaura, kuma takardar auren ta ba ta ikon saki ta kuma hana kishiya. Suka haifi 'ya'ya mata biyu, Salima da Muniza. Shekara guda bayan haka ya shiga rundunar sojan Turawan mulkin mallaka, sashen hulɗa da jama'a, har ya kai Laftanar Kanar, Turawa suka ba shi lambar yabo. Mai adawa da mulkin mallaka cikin kakin Sarkin Ingila? Dalilin da aka bayar shi ne Hitila ya auka wa Tarayyar Sobiyet a Yunin 1941, 'yan gurguzun Indiya suka ce yanzu yaƙin ya zama na talakawan duniya. Hujja ce, amma tana nuna tun da wuri cewa agogon siyasarsa da na Mosko yake saitawa.

Ya tuɓe kaki a 1947 ya zama editan jaridar Pakistan Times a Lahor. A watan Agusta aka raba ƙasa biyu, aka tsaga Punjab a tsakiya, miliyoyin mutane suka yi hijira, jiragen ƙasa suna isowa tasha cike da gawawwaki. Ana cikin bukin 'yancin kai Fa'iz ya rubuta Subh-e-Azadi, asubahin 'yanci, wadda ta fara da cewa wannan haske mai tabo, wannan asuba da dare ya sara, ba ita ce wadda muka yi jira ba. Gaba kura, baya sayaki. Masu kishin sabuwar ƙasa suka ce ya zubar wa Pakistan mutunci ranar sunanta. Abokansa na ƙungiya, Ali Sardar Jafri a gaba, suka ce waƙar ta yi lulluɓi da yawa, ba ta nuna mai laifi ba, kowane ɓangare zai iya cewa tasa ce. Jafri yana da gaskiya a bayaninsa. Abin da ya ɗauka aibi kuwa shi ne ya sa waƙar ta rayu.

Sai shari'ar Rawalpindi, wadda ta mai da shi Fa'iz ɗin da duniya ta sani. Manjo Janar Akbar Khan, ɗaya daga manyan hafsoshin sojan Pakistan, yana jin haushin yadda gwamnatin Firaminista Liyaƙat Ali Khan ta amince da tsagaita wuta a Kashmir a Janairun 1949. Ranar 23 ga Fabrairun 1951 ya tara wasu hafsoshi a gidansa da ke Rawalpindi, ya gayyaci Fa'iz da Sajjad Zahir, wanda a lokacin shi ne babban sakataren jam'iyyar gurguzu ta Pakistan. An tattauna batun kifar da gwamnati, wannan babu musu. Waɗanda suka halarta sun ce an watse ba a tsai da magana ba. Gwamnati ta ce an tsayar. Ranar 9 ga Maris aka kama Fa'iz. Ya yi kusan wata uku shi kaɗai a ɗaki a gidajen yarin Sargoda da Layalpur, babu takarda, babu alƙalami, babu ziyara, jaridu kuma suna kiran a rataye maci amana. An yi doka ta musamman, aka kafa kotu ta musamman, aka yi wa mutum 15 shari'a a asirce cikin gidan yarin Haidarabad. Ana tsakiyar shari'ar aka harbe Liyaƙat Ali Khan a wajen wani taro a Rawalpindi, a Oktoban 1951. A Janairun 1953 aka yanke hukunci: Akbar Khan shekara 12, Fa'iz shekara 4. Yayansa Tufail ya zo duba shi a Haidarabad a 1952, zuciyarsa ta buga ya rasu kafin su gana.

Me ya kai mawaƙi ɗakin janar-janar? Har yau tambaya ce mai nauyi, kuma masoyansa sun fi son a bar kaza cikin gashinta. Juyin mulkin da aka tattauna a ɗakin, da ya yi nasara, da shi ne na farko a ƙasar da daga baya soja suka yi wa hawan ƙawara har sau uku a rayuwar Fa'iz, biyu daga ciki kuma shi kansa ya ɗanɗana kuɗarsu. Jam'iyyar gurguzu ta biya kuɗin wannan ganganci: aka haramta ta a 1954, ƙungiyar marubutan ma ta durƙushe a Pakistan.

Amma a kurkukun ne hikimar zaɓinsa ta fito fili. Keji, mai tarko, sarƙa, iskar asuba mai kai gaisuwa: abubuwan da mawaƙan da suka gabata suke faɗa a matsayin misali, shi ga su a gabansa zahiri. Baitinsa da ya fi yawo daga wannan lokaci cewa yake: in an ƙwace mini allo da alƙalami, ina abin damuwa, ai na tsoma yatsuna cikin jinin zuciya. Duk takardar da za ta fita daga gidan yari sai jami'i ya tace ta. To me zai soke a gazal ɗin da ke roƙon masoyiya ta zo don furanni su yi launi, harkar lambu ta ci gaba? Soyayya ce, ya buga hatimi. A waje kuwa kowa ya gane. Wannan gazal ɗin ce Mehdi Hasan ya rera ta zagaye Indiya da Pakistan. Kundi biyu suka fito daga ɗaurin, Dast-e-Saba a 1952 yana tsare, da Zindan Nama a 1956 bayan an sake shi a Afrilun 1955. A cikinsu akwai waƙar da ya yi wa Julius da Ethel Rosenberg, ma'auratan da Amurka ta kashe a 1953 bisa laifin leƙen asiri, wadda ita ma da harshen masoya aka rera ta, da kuma wadda ya yi wa Afirka a farkon 1955, lokacin da Turawa ke murƙushe 'yan Mau Mau a Kenya, yana kiran nahiyar ta taso, ya ji amon gangarta.

A Oktoban 1958 yana Tashkent wajen taron marubutan Afirka da Asiya sojoji suka karɓi mulki, Janar Ayub Khan ya hau. Abokai suka ce kada ya koma. Ya koma, aka kulle shi 'yan watanni, har da zama a tsohuwar ganuwar Lahor, wurin da ya yi ƙaurin suna wajen azabtar da fursunonin siyasa. Gwamnati ta ƙwace jaridar da yake wa aiki a 1959. A 1962 Tarayyar Sobiyet ta ba shi lambar zaman lafiya ta Lenin, shekarar da aka ba Kwame Nkrumah na Ghana da mai zane Pablo Picasso. A ƙasar da ta ɗaura ɗamarar ƙawance da Amurka, wannan lamba tambari ce a goshi.

A nan ya kamata a faɗi abin da masu sukarsa suke faɗa, domin ba duka ne ƙiyayya ba. Mutumin da ya yi wa ɗaliban Iran waƙa, ya yi wa Afirka, ya yi wa Falasɗinu, ba a san shi da ɗaga murya kan abin da Mosko ta yi wa nata marubutan ba, ko kan shigar sojanta Afganistan a Disambar 1979, ƙasar da mahaifinsa ya ci arzikinta. Da Zulfikar Ali Bhutto ya hau mulki a ƙarshen 1971, Fa'iz ya karɓi aikin ba da shawara kan al'adu, ya taimaka wajen kafa majalisar fasaha ta ƙasa da cibiyar adana al'adun gargajiya ta Lok Virsa. Aiki ne mai amfani, cibiyoyin suna nan har yau. Amma a shekarun ne gwamnatin ta tura soja Balocistan, ta kuma ɗaure Habib Jalib, mawaƙin da ke faɗar magana gatsal da harshen kasuwa, wanda Ayub ya ɗaure, Bhutto ya ɗaure, Ziya ma ya ɗaure. Akwai kuma batun harshe. Punjabi ne harshen uwar Fa'iz, shi ne harshen manoma da leburorin da yake kuka dominsu, amma Urdunsa mai nauyin Farisanci ce, wani baitin sai mai ilmi ya warware maka. Ya yi 'yan waƙoƙi da Punjabi daga baya, ba su da yawa. Gaskiyar magana, mawaƙan rediyo da kaset ne suka sauko da shi daga kan kanta zuwa bakin talaka.

Duk da haka, a wuraren da shiru ya fi sauƙi, bai cika yin shiru ba. A yaƙin Indiya da Pakistan na 1965, ana ta buga waƙoƙin zuga a rediyo, shi marsiyyar soja ya rubuta, muryar uwa tana tashin ɗanta daga cikin ƙasa. Bayan sojan Pakistan sun yi ɓarnar da suka yi a gabashin ƙasar a 1971, har ta ɓalle ta zama Bangaladash, ya raka Bhutto Daka a 1974. Ya dawo da gazal wadda a fuska kukan masoyan da suka zama baƙin juna ne, amma a tsakiyarta yana tambaya: damina nawa za a yi kafin tabon jinin nan ya wanku? A Pakistan ta wancan lokaci, inda ba a so a ambaci abin da ya faru, wannan tambaya ba ƙaramar magana ba ce.

Ziya'ul Haƙ ya kifar da Bhutto ranar 5 ga Yulin 1977, ya rataye shi ranar 4 ga Afrilun 1979. Aka shiga yi wa 'yan jarida da 'yan siyasa bulala. Fa'iz, yana dab da shekara saba'in, tun kafin a rataye Bhutto ya bar ƙasar, daga baya ya sauka Berut, inda ya zama editan mujallar Lotus ta ƙungiyar marubutan Afirka da Asiya, wadda ke fitowa da Larabci da Turanci da Faransanci. Ƙungiyar ce ta ba Chinua Achebe lambarta a 1975, ta ba Fa'iz a 1976. A Berut ya zauna cikin Falasɗinawa, ya sadaukar da kundinsa Mere Dil Mere Musafir ga Yasir Arafat, ya rubuta waƙar rarrashin wani yaro Bafalasɗine da ya rasa iyayensa. Da Isra'ila ta mamaye Labanan a 1982 ya fita daga birnin ana ruwan bama-bamai.

Cikin waɗannan shekarun gudun hijira ya rubuta Hum Dekhenge, a Janairun 1979, watan da Sarkin Iran ya gudu ya bar gadonsa. Asalin sunan da ya sa mata na Larabci ne, Wa yabƙa wajhu rabbika, daga Suratur Rahman. A wannan karon ya ajiye lambu da fure ya ɗauko kayan makarantar allo. Ranar da aka yi alkawari, wadda ke rubuce a allon ƙaddara tun fil azal. Duwatsun zalunci za su tashi kamar auduga, wanda duk mai karanta Suratul Ƙari'a ya san inda aka samo shi. Ƙasa za ta girgiza ƙarƙashin ƙafafun waɗanda ake mulka. Za a fitar da gumaka daga Ka'abar ƙasar Allah, kamar ranar buɗe Makka. Waɗanda aka kora daga harami za a zaunar da su kan karaga, a yi jifa da kambunan sarauta, a kifar da gadajen mulki, sunan Allah kaɗai ya saura. Daga nan sai ya ɗauko kalmar Mansur al-Hallaj, sufin da aka kashe a Bagadaza a shekarar 922 saboda ya ce anal haƙƙu, wato ni ne Gaskiya, Fa'iz ya ce wannan kira zai tashi, kuma bayin Allah ne za su yi mulki, waɗanda ni ma ina ciki, kai ma kana ciki.

Gumakan waƙar su ne masu mulki, tashin alƙiyamar cikinta kuma ranar da talakawa za su tashi ce. Ya ɗauki harshen da Ziya yake taƙama da shi ya juya masa tsininsa. Wane jami'in tace rubutu ne zai fito ya ce ya haramta "sunan Allah kaɗai zai saura" a gwamnatin da ke iƙirarin shari'a? Malamin Kanpur ya karanta saman waƙar ne kawai, irin karatun da jami'in gidan yari ya yi wa gazal ɗin furanni, sai dai shi wancan ya buga hatimi, wannan ya kai ƙara. Kwamitin ma da ya gama zamansa bai yanke wa waƙar hukunci ba, cewa ya yi lokaci da wurin da aka rera ta ne ba su dace ba.

Shin Fa'iz ya yi imani da abin da yake ara, ko dabara ce kawai? A ganina tambayar ta raina shi. Bai ari harshen nan ba, a cikinsa aka yaye shi, kuma mutumin da ke dabara kawai ba ya iya sa kalma ta yi irin wannan nauyi.

Ya koma Lahor da rashin lafiya, huhu ya gaji da taba. Ya ziyarci ƙauyensu 'yan kwanaki kafin rasuwarsa, ya rasu ranar 20 ga Nuwamban 1984, aka binne shi a maƙabartar Model Town. Ziya yana kan mulki.

A Fabrairun 1986, a taron tunawa da ranar haihuwarsa a zauren Alhamra na Lahor, Iƙbal Bano ta hau dandamali sanye da baƙin sari, tufar da gwamnatin Ziya ke ƙyama a matsayin kayan Indiyawa, ta rera Hum Dekhenge. Ana yawan cewa mutum 50,000 ne suka halarta, amma zauren ba zai ɗauki ko kusa da haka ba. Labari ne ya yi ƙiba a hanya. Abin da ba ya buƙatar ƙari shi ne kaset ɗin da aka fitar a ɓoye aka yi ta kwafa hannu da hannu, wanda yau yake intanet. Ana jin jama'a suna tafi bisa kari, suna katse ta da sowa, can kuma su ɓarke da "Inƙilab zindabad", juyin juya hali ya daɗe.

Daga baya gwamnatin Pakistan ta ba shi babbar lambar girma ta Nishan-e-Imtiyaz a 1990. Iyalinsa suka buɗe gidan tarihi da sunansa a Lahor, ana bukinsa duk shekara, manyan motoci suna cika harabar. 'Yan siyasa na kowane ɓangare, har da magadan waɗanda suka ɗaure shi, suna jefa baitinsa a jawabi. Abin da Sardar Jafri ya hango ke nan tun kan waƙar 1947: rigar da ta shiga kowa, azzalumi ma zai sa. A Yulin 2018, kwanaki kaɗan kafin babban zaɓe, shirin kiɗa na Coke Studio, wanda kamfanin lemo ke ɗaukar nauyinsa, ya tara mawaƙa masu yawa daga sassan Pakistan suka rera Hum Dekhenge cikin kyakkyawan sauti da hoto. Sai dai sun tsallake wuri ɗaya, inda ake jifa da kambuna a kifar da gadajen mulki. A kaset ɗin 1986, daidai nan ne sowar jama'a take rufe muryar Iƙbal Bano.